Wasan da ya canza bayan fitowarsa, wane maki ne nasa?

Sadiƙu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na zauna ina karanta tsofaffin sharhin da muka rubuta kan wasannin bidiyo, sai na ga da yawa daga ciki sun daina faɗin gaskiya. Marubutan ba su yi ƙarya ba, wasannin ne suka tashi daga inda aka bar su. Akwai wanda muka ba 4 cikin 10, yau an gyara shi har ya fi ƙarfin wannan makin. Akwai wanda muka ba 9, yau ko ina ka taɓa a cikinsa sai an nemi ka ciro kuɗi. To me ya kamata mu yi? Mu goge tsohon maki mu sa sabo, ko mu bar shi yadda yake, ko mu sake rubutu daga farko? Kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Nura: Wa alaikumus salam Malam. A canza kawai. Sharhi don wa ake yin sa? Don mutumin da kuɗinsa ke hannu yana shawarar ya saya ko ya haƙura. Wannan mutumin wasan yau zai sauke, ba na shekara biyar da suka wuce ba. Ku ɗauki No Man's Sky. Da ya fito a Agustan 2016 mutane sun yi tir da shi, domin an sa musu rai za su iya haɗuwa da juna a cikin wasan, sai aka samu mutum biyu sun tsaya wuri guda amma babu mai ganin ɗan'uwansa. Hello Games, kamfanin da ya yi shi, suka yi shiru suka duƙufa, a 2018 suka kawo sabuntawar NEXT da wasan haɗin gwiwa, suka ci gaba da ƙara abubuwa shekara da shekaru ba tare da karɓar ko sisi ba. Wanda ya karanta sharhin 2016 yau ya fasa saye, mun cuce shi.

Bilkisu: Yaya Nura, wanda ya biya kuɗinsa a 2016 fa? Shi ba a cuce shi ba?

Nura: An cuce shi, amma barin tsohon maki ba zai dawo masa da kuɗinsa ba.

Bilkisu: Ba zai dawo da su ba, amma zai tsaya a matsayin shaida. Ni abin da nake tsoro ke nan da wannan gogewar. Ku tuna Cyberpunk 2077. Ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, mutum miliyan 8 sun riga sun biya tun kafin su gan shi, cinikin biri a sama. Masu sharhi kuwa na kwamfuta kaɗai aka ba su kafin ranar fitowa, ba wanda aka nuna wa yadda yake tafiya a PlayStation 4 da Xbox One. Shi ya sa makin kwamfuta a Metacritic, shafin da ke tara makin masu sharhi ya fitar da jimilla cikin 100, ya tsaya 86, na PS4 kuma 57. Abin ya yi munin da bayan mako guda Sony ta cire shi daga shagonta, bai dawo ba sai Yunin 2021. Yanzu an gyara shi, na yarda, musamman bayan sabuntawar 2.0 da ƙarin labarin Phantom Liberty a Satumbar 2023. Amma in kowa ya goge 57 ya rubuta 90, me muka koya wa kamfanoni? Mun ce musu su sayar da ɗanyen aiki, su karɓi kuɗi, in sun ga dama su ƙarasa bayan shekara uku, tarihi zai wanke su.

Abba: Anti Bilkisu ni fa a 2023 na fara buga shi, kuma wallahi yana cikin mafi daɗin da na taɓa bugawa. Da na bi makin farko da ban kusance shi ba.

Bilkisu: Ban musa maka ba ƙanena. Kai da wanda ya saya a 2020 suna ɗaya kuka saya, kaya daban.

Kabiru: Wannan gardamar an taɓa yin ta a aikace, bari in ba ku labari. A Maris 2013 SimCity ya fito, wasan gina birni, kuma an yi shi ne ta yadda dole sai da intanet ko da kai kaɗai kake wasa. Jaridar Polygon ta buga shi kafin jama'a su shigo, komai lafiya lau, ta ba shi 9.5. Ranar da aka buɗe wa kowa sai sabobin kamfanin, wato kwamfutocin da ke riƙe da wasan a intanet, suka kasa ɗaukar mutane, wasu suka yini a layi ba su shiga ba. Polygon ta rage makin zuwa 8, ta sake rage shi zuwa 4, da abubuwa suka daidaita ta ɗaga shi zuwa 6.5. Maki huɗu a kan wasa ɗaya. Metacritic kuwa ƙa'idarta ita ce makin farko da jarida ta bayar shi ake ajiyewa, don haka 9.5 ɗin ya zauna a can. Kun ga ɓangare ɗaya ya bi ra'ayin Nura, ɗayan ya bi na Bilkisu, kuma mai karatu bai tsira a ko wanne ba. Wanda ya leƙa Metacritic ya ga lambar da mai ita ya riga ya janye. Wanda ya leƙa Polygon sai ya san ranar da ya leƙa kafin ya san abin da ya gani.

Abba: Yaya Kabiru me ya sa Metacritic ta kafe a kan na farko?

Kabiru: Don kada a matsa wa marubuta. Lambar nan kuɗi ce. Fallout: New Vegas na 2010 ya samu 84, kuma Chris Avellone, wanda ya yi aiki a kansa, ya bayyana a 2012 cewa yarjejeniyarsu ta tanadi ƙarin kuɗi ne in sun kai 85. Maki ɗaya tak ya raba su da shi. To in da ana iya canza maki bayan an buga, ka yi tunanin irin kiran wayar da editoci za su riƙa samu daga kamfanoni: mun saki faci, wato gyaran wasan, a duba mana, a ɗan ƙara. Ƙa'idar tana da dalilinta, sai dai an yi ta ne a zamanin da wasa ke fitowa a faifai ya zauna yadda yake har abada.

Hafsat: Duk kuna magana ne kan wasan da ya fito da rauni ya warke. Ni wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne akasinsa, wanda ya fito da kyau, ya kwashi yabo, sannan aka canza shi. Crash Team Racing Nitro-Fueled ya fito a Yunin 2019 babu sayen komai da kuɗin gaske a cikinsa. Masu sharhi suka yaba, maki ya zauna. Bayan 'yan makonni aka shigo da sayen kuɗin wasan da kuɗin aljihu. Gran Turismo 7 ma a Maris 2022, lokacin da 'yan jarida ke buga shi shagon cikin wasan bai fara aiki ba, ba su ga farashi ba. Bayan mako biyu da fitowarsa aka saki faci da ya rage ladan da ake samu a wasu tsere, wato tara kuɗin sayen mota ya ƙara wuya, sannan sabobin suka tsaya fiye da awa 30, kuma yawancin wasan ba ya buɗuwa in ba intanet. Daga baya Kazunori Yamauchi, shugaban masu yin wasan, ya ba da haƙuri, aka raba wa 'yan wasa kuɗin cikin wasa miliyan ɗaya, aka ƙara lada. Amma makin 87 na masu sharhi bai motsa ba duk tsawon wannan rikicin. Anti Bilkisu, a nan barin makin farko kamfani yake karewa, ba mai saye ba.

Bilkisu: Wannan gaskiya ne Hafsat, kuma ban duba ta wannan fuskar ba. To ashe abin da nake so ba daskarar da maki ba ne. Abin da nake so shi ne kada a ɓatar da abin da ya faru.

Sadiƙu: Madalla. Yanzu muka fara kusantar inda matsalar take.

Auwal: Ku ba mu wuri mu 'yan ƙwallo. eFootball 2022 da ya fito ƙarshen Satumbar 2021, wanda ya gaji tsohon wasan ƙwallo na PES, kowa ya ga hotunan fuskokin 'yan wasa da suka yi ta yawo, kuma a lokacin ya zama wasan da ya fi kowanne mummunan sharhi a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta. Konami, mai wasan, ta ba da haƙuri, sai a Afrilun 2022 ta saki abin da ta kira siga ta 1.0.0. Kun ji fa, su da kansu sun nuna cewa abin da aka saki wata shida baya bai kai na ɗaya ba. Tun daga nan wasan ba ya sake fitowa a matsayin sabon kaya duk shekara, sabunta shi kawai ake yi. To irin wannan yaushe ne ranar fitowarsa? Haka PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile, duk bayan 'yan makonni sabon zango, a ƙara wa wannan bindiga ƙarfi a rage wa waccan. Wa zai iya bin su da maki?

Nura: Shi ya sa nake ganin Steam ta fi kowa dabara. Tun 2016 ta raba abin gida biyu, ra'ayin kwana 30 na baya-bayan nan da kuma na tun farko gaba ɗaya. A 2017 ta ƙara jadawalin da ke nuna hawa da sauka wata-wata. Kowane sharhi kuma yana ɗauke da kwanan wata da awannin da mutum ya buga kafin ya rubuta. No Man's Sky ɗin nan sai a ƙarshen 2024 jimillarsa ta kai kashi 80 cikin ɗari na masu yabo, shekara 8 bayan fitowa, alhali na kwana 30 ya daɗe yana sama. Ka ga labarin duka a kallo ɗaya: ya faɗi, ya tashi, kuma tabon bai gushe da wuri ba. Google Play ma tun 2019 ta fi ba sababbin taurari nauyi a kan tsofaffi.

Hafsat: App Store kuma tana barin mai manhaja ya share taurarinsa ya fara daga sifili in ya saki sabuwar siga. Wannan ne irin gogewar da ba na so, domin wanda ake yi wa hukunci shi ke riƙe da abin sharewa.

Kabiru: Tsarin Steam yana da kyau amma kada mu ɗauke shi kamar ma'auni marar aibi. Lambar jama'a ba daɗin wasa kaɗai take aunawa ba, har da fushi. Helldivers 2 ya fito a Fabrairun 2024, mutane suna son sa sosai. A farkon Mayu Sony ta ce dole masu kwamfuta su haɗa asusun PlayStation, alhali an sayar da wasan a ƙasashen da ba a iya buɗe wannan asusun. Aka yi masa taron dangi da mummunan sharhi, cikin kwanaki kaɗan Sony ta janye. A duk kwanakin nan babu bindiga ɗaya ko taswira ɗaya da ta canza a cikin wasan. Valve, mai Steam, ta san da wannan matsalar, shi ya sa tun 2019 take ware lokutan da ta ga sharhi ya kauce daga batun wasa, ba ta lissafa su. Amma wa ke yanke cewa abu ya kauce? In an ce ba za ka iya shiga abin da ka saya ba, ni ban ga batun da ya fi wannan shafar wasan ba.

Abba: To ke nan abu biyu ake aunawa da sikeli ɗaya.

Kabiru: Ƙwarai ƙanena. Wasan, da kuma halin masu shi.

Malam Isa: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Akwai tambayar da ta riga ta maki: yaushe wasa ke daina zama shi, ya zama wani? Final Fantasy XIV ya fito a Satumbar 2010 ya samu 49 a Metacritic. Square Enix, mai wasan, ta sauya shugabannin aikin, ta ɗora Naoki Yoshida. Shi kuma bai tsaya yin faci a kan faci ba. A Nuwambar 2012 aka rufe sabobin, kuma aka saka rufewar a cikin labarin wasan kansa, wani jan wata ya faɗo ya tarwatsa duniyar. A Agustan 2013 aka dawo da A Realm Reborn, da sabon suna, aka yi masa sabon sharhi, ya samu 83. Ba wanda ya ruɗe, domin kamfanin da kansa ya ja layi ya ce ga tsoho ga sabo. Wannan shi ne mai sauƙi. Mai wuya shi ne Overwatch. Na 2016 ya ci kyautar wasan shekara a The Game Awards, mutum shida-shida ake karawa. A Oktoban 2022 aka kashe shi, Overwatch 2 ya hau kujerarsa da biyar-biyar da sabon tsarin saye-saye. Sharhin 2016 yana nan a intanet, yabo ne ga abin da wanda ya saya ba ya iya buɗewa. Ni a ganina sharhi kamar shaida ce a gaban alƙali. Mai shaida yana cewa ne a rana kaza, a wuri kaza, na ga kaza. In ya cire ranar da wurin, shaidarsa ta lalace ko da kowace kalma gaskiya ce. Laifinmu shi ne muna rubuta lamba tsirara kamar hukunci ne na har abada.

Sadiƙu: Allah ya ƙara basira Malam. Wannan maganar ta shige ni.

Auwal: Kuma ba manyan canje-canje kaɗai ba. GTA IV a 2018 an cire masa waƙoƙi da dama daga gidajen rediyonsa saboda lasisin shekara goma ya ƙare. Wanda ya yabi kiɗan wasan a 2008 ya yabi abin da sabon mai saye ba zai ji duka ba.

Hafsat: Akwai ma wanda ya mutu ɗungurungum. The Crew na 2014, Ubisoft ta rufe sabobinsa ƙarshen Maris 2024, har wanda ke da faifai a hannu bai da abin bugawa. Daga nan ne gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, ya taso. Concord kuwa ya fito 23 ga Agusta 2024, aka rufe shi 6 ga Satumba, aka mayar wa mutane kuɗinsu. Ni dai ina ganin duk sharhi ya kamata ya faɗa ƙarara: wasan nan yana tafiya ba intanet, ko ransa na hannun sabar kamfani? Wannan layin ɗaya ya fi mini amfani a kan bambancin 7 da 8.

Nura: To mu jefar da lamba gaba ɗaya mana. Jaridar Eurogamer ta daina ba da maki a 2015, Polygon ma a 2018.

Kabiru: Eurogamer ɗin ta dawo da taurari biyar a 2023. Mutane suna son abin da za su gani a daƙiƙa ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. In muka cire lamba za su je su nemo ta a wani wuri, inda ba kwanan wata ma.

Sadiƙu: Bari in gwada haɗa abin da na ji, ku gyara mini. Duk sharhi zai fara da ranar da aka rubuta shi, sigar wasan, na'urar da aka buga a kai, da awa nawa marubuci ya yi. Makin farko ba a taɓa shi. In wasa ya canza sosai, a rubuta sabon sharhi da sabon maki a saman tsohon, tsohon ya zauna a ƙasa kowa na gani. Sannan layin da Hafsat ta nema kan intanet da saye-sayen cikin wasa. In kuma shagon bai buɗe ba lokacin da marubuci ke bugawa, ya faɗa, kuma ya riƙe makin har ya gani.

Abba: Malam, me ake nufi da "sosai"? Wasu wasannin duk mako sai an yi musu faci.

Sadiƙu: Tambaya mai kyau. Ni ma'aunina shi ne: in abokinka ya tambaye ka yau ko ya saya, amsarka ta bambanta da wadda ka rubuta? In ta bambanta, lokacin sabon sharhi ya yi. In an rage wa wata bindiga ƙarfi ne kawai, layi biyu a ƙasa ya isa.

Malam Isa: Ku ƙara da cewa wanda zai yi sabon sharhin ya fara wasan daga farko da sabon asusu. Mutumin da ya yi awa 500 ya tara komai ba ya jin nauyin da sabon shiga ke ji, musamman inda aka rage lada don a tura mutane shago. Zai ce wasan lafiya lau, kuma a wurinsa gaskiya ya faɗa.

Kabiru: Nan ne wahalar take, Malam. Sake buga wasan awa 60 daga farko ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa ko manyan jaridu ba kasafai suke yi ba. Sabon wasa ke jawo masu karatu, tsoho kuwa sai mai son sa. Kada mu ɗora wa kanmu ƙa'idar da za mu karya a wata na biyu. Gara mu ce duk sharhin da ya wuce shekara ba a waiwaye shi ba, a liƙa masa gargaɗi a sama cewa ya tsufa.

Bilkisu: Na yarda da duka, saura abu ɗaya. Sabon makin zai yi la'akari da yadda wasan ya fito ko kuwa? Na taɓa tara kuɗi wata da watanni na sayi wani wasa ranar fitowarsa, ba zan ambaci sunansa ba. Sau uku ajiyata tana lalacewa, na ukun bayan na yi nisa sosai. Da aka gyara shi bayan kusan shekara, sha'awar ta riga ta mutu, na san rabin labarin, ba zan sake jin sa sabo ba. Wannan asarar ba facin da ke mayar da ita. Zuciyata ba ta yarda a ba irin wannan wasan 9 cif kamar wanda ya fito da lafiyarsa ba.

Nura: Na ji zafin abin 'yar'uwa, kuma ba na raina shi. Amma in muka cire maki ɗaya don horo, Abba da ya zo a makare zai karanta 8 alhali abin da zai samu 9 ne. Mun sake yi masa ƙarya ke nan, ƙarama dai. Tsohon makin da ke ƙasa shi ne horon.

Bilkisu: Mutum nawa ne ke gangarawa ƙasa su karanta?

Hafsat: To kada a sa shi ƙasa. A jera su a layi ɗaya a kan gaba, kowanne da shekararsa: 2020, 5, 2023, 9. Ido ba zai iya ɗaukar ɗaya ya bar ɗaya ba.

Bilkisu: In haka ne na amince. Amma a bar marubuci ya yi sakin layi guda kan halin kamfanin, abin da suka yi alkawari da abin da suka cika, ko gyaran kyauta ne ko sai an sake biya.

Sadiƙu: An karɓa. Nura, kai ka kawo No Man's Sky, kai za ka fara gwada tsarin a kansa. Auwal ya ɗauki eFootball.

Auwal: Na ɗauka Malam, amma nawa zai zo da wata da shekara, domin shekara kaɗai ba za ta ishe shi ba. Ku ba ni mako biyu, sai na buɗe sabon asusu kamar yadda Malam Isa ya ce.